Idan mutum ya gaji da jin "ka yi haƙuri", imaninsa ne ya yi rauni?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini fassarar da ban nufa ba. Mahaifiyata na fama da ciwon ƙoda, wankin ƙoda ake yi mata. Na sayar da keke napep ɗina, mai ɗakina ta sayar da keken ɗinkinta, teburin gwanjon da nake da shi a kasuwar Taminus ta Jos kuwa kullum kayansa raguwa suke yi. Ina sallah, ina tashi cikin dare ina roƙo. Amma wallahi akwai daren da nake ɗaga hannu in rasa abin da zan ce, sai dai in ji zuciyata tana cewa "har yaushe?" Daga baya tsoro ya kama ni, ko na yi saɓo. Kuma duk wanda na gaya wa, amsa ɗaya ce: ka yi haƙuri. Na kai matsayin da in na ji kalmar nan sai raina ya ɓaci. Malamai da iyayenmu na cikin nan, wannan raunin imani ne?

Maman_Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ɗan'uwa.

Abu_Sumayya:
Ɗan'uwa ka yawaita istigfari. Wannan "har yaushe" ɗin ƙofa ce da shaiɗan ke shigowa ta cikinta. Bawa ba ya tambayar Ubangijinsa lokaci. Allah ya riga ya faɗa a Suratul Baƙara cewa zai jarrabe mu da tsoro da yunwa da tawayar dukiya da rayuka da amfanin gona, sannan ya ce a yi wa masu haƙuri bushara. Abin da ya same ka yana cikin lissafin nan.

Malam_Anguwar_Rogo:
Malam Abu_Sumayya, ayar da ka kawo gaskiya ce, ita ce ta 155. Amma ka ƙarasa gaba kaɗan cikin surar zuwa aya ta 214. Can Allah ya ba da labarin mutanen da suka gabace mu, tsanani da cuta suka shafe su, aka girgiza su, har Manzon da ke cikinsu da waɗanda suka yi imani tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Manzo ne fa da muminai. Kuma amsar da ta biyo baya ba tsawa ba ce, cewa aka yi taimakon Allah yana kusa.

Baban Hanifa, ka saurare ni da kyau. Malamai sun bambance tsakanin kai kuka wurin Allah da kai ƙarar Allah wurin mutane. Annabi Yaƙuba, alaihis salam, shi ne ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma shi ne ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Da 'ya'yansa suka dame shi da maganar zai halaka kansa, ya ce musu shi damuwarsa da baƙin cikinsa wurin Allah kaɗai yake kai su. A aya ta gaba kuma ya tura su neman Yusufu da ɗan'uwansa, ya ce kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Duk mutum ɗaya ne ya haɗa waɗannan. Kai da ka tashi cikin sanyin Jos ka yi alwala ka tsaya, wurin wa ka kai tambayar taka? Wanda imaninsa ya tafi barcinsa yake yi.

Abu_Sumayya:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Amma hadisin Khabbab fa? Sun zo sun sami Manzon Allah (SAW) a inuwar Ka'aba suka ce ba za ka roƙa mana taimako ba, ya ba su labarin waɗanda ake tsaga su da zarto ba su bar addininsu ba, ya rufe da cewa ku dai kuna gaggawa.

Malam_Anguwar_Rogo:
Haka ne, yana cikin Bukhari. Ya ce suna gaggawa, bai ce imaninsu ya samu matsala ba. Kuma ka tuna wane ne Khabbab, mutumin da aka kwantar da bayansa a kan garwashi. Ni ban ce a saki baki a faɗi abin da aka ga dama ba. Akwai iyaka: kada ka tuhumi Allah da zalunci, kada ka bar sallah don fushi, kada ka yanke ƙauna. Abin da ke ƙasa da wannan, gajiya ce irin ta ɗan Adam.

Hajiya_Rikkos:
Ɗana Baban Hanifa, ni ba malama ba ce, abin da na gani zan gaya maka. Ambaliyar unguwar Rikkos, nan Jos, ta watan Yuli 2012, farkon azumi, da ruwa ya taso daga wajen dam ɗin Lamingo, ta tafi da ɗakunanmu biyu, ta tafi da jikata da nake riƙo. Da gari ya waye ina zaune a kan wani bulo, zanena duk taɓo, mutane na ta wucewa suna cewa Hajiya sai haƙuri, Hajiya sai haƙuri. Ina amsawa da baki amma ban san me nake cewa ba. Wata maƙwabciyarmu, Allah ya jiƙanta ta rasu yanzu, ita ba ta ce mini komai ba. Bargo ta yafa mini, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Da aka sha ruwa ta kawo kunun gyaɗa ta riƙe mini kofin da hannunta saboda nawa rawa yake yi. Ta kwashe sauran yaran ta kai ɗakinta suka kwana. Duk cikin masu ta'aziyyar nan ita nake fara tunawa in na tashi yi wa mutane addu'a.

To ka ga ba kalmar ce ta gundure ka ba, yadda ake jefo maka ita a wuce ne. Wasu suna faɗa don ba su san me za su ce ba, ka yi musu uzuri. Wasu kuma don su rufe maganar ne kafin ta kai ga aljihunsu.

Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa ciwon yana wucewa ɗungurungum. Har yau in hadari ya haɗo ta gabas ba na iya zama cikin ɗaki. Addu'ar Ummu Salama nake yi, Allah ka ba ni lada a cikin musibata, ka musanya mini da mafi alheri. Na yi ta ina kuka, na yi ta ina jin kamar ba ta wuce rufin ɗaki. Ban dai daina ba.

Maman_Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya kin sa ni hawaye. Allah ya sa mai ceto ce.

Baba_Taminus:
Allah ya jiƙan yarinya, Hajiya. Yaro, tunda ka ce a Taminus kake, kai ɗana ne a kasuwa. Ina da shago na atamfa a cikin babbar kasuwar Jos lokacin da ta ƙone a watan Fabrairu 2002, wata biyar kacal bayan rikicin Satumba 2001. Ku yara ba ku san kasuwar nan ba, daga Kamaru da Chadi ake zuwa sari. Muna tsaye a bakin titi muna kallon hayaƙi, manyan attajirai na kuka kamar yara. Bayan nan mun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda suka ce za su jira a sake gina kasuwa a mayar musu da shagunansu, suna kiran hakan haƙuri. Da yawansu sun mutu suna jira, kangon yana nan kowa na gani. Akwai kuma waɗanda muka cire girman kai muka kafa tebur a bakin hanya, wasu suka koma Katako, wasu Kwararafa. Ni da nake da yaran shago na dawo ina baza yadi a kan buhu, in ruwa ya sauko in kwashe da gudu.

Sai kuma bam ɗin 20 ga Mayu 2014 a Taminus ɗin dai, mutum sama da 100 suka rasu, ciki har da waɗanda muke gaisawa kullum. Ranar na ce na gama da kasuwa. Bayan kwana kaɗan na koma, don akwai bakin da ke jirana a gida. Ban sake zama mai kuɗi ba, kada ka ɗauka labarin can zai tafi. Amma na aurar da 'ya'yana, ban yi bara ba. Jiran Allah daban, jiran mutane daban. Shi jiran Allah da ƙafarka a kan hanya ake yinsa.

Kwamared_Dilimi:
Baba ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ku yi mini afuwa, amma wannan kalma ta haƙuri da ita ake yi wa talakan Arewa allurar barci. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Me aka ce mana? A yi haƙuri. Magani ya yi tsada, a yi haƙuri. Ciwon Mama daga Allah ne, na yarda. Amma a ce sai ɗanta ya sayar da abin neman abincinsa kafin a wanke mata ƙoda, wannan aikin mutane ne, kuma za su amsa tambaya a kai. Kada a haɗa mana ƙaddara da sakaci.

Admin_Zaure:
Kwamared, a kiyaye dokar zaure, ban da siyasar jam'iyya ko kiran sunan kowa. A ci gaba.

Kwamared_Dilimi:
Ban kira sunan kowa ba, ranka ya daɗe.

Malama_Nasarawa:
Maganar Kwamared tana da gindi a addini, ko da zafinta ya yi yawa. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya kama hanya da jama'a, da labarin annobar ya iske shi ya yi shawara ya juya. Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kenan neman gyara ba ya warware yarda da ƙaddara. Nana Hajara ma, da ta ji cewa Allah ne ya umarci Annabi Ibrahim ya bar su a kwarin Makka, ta ce to ba zai tozarta su ba, sannan ta tashi ta yi ta kai-kawo tsakanin Safa da Marwa tana neman ruwa. Inda na rabu da kai Kwamared shi ne, kada fushin da kake yi da masu mulki ya sa ka raina haƙurin kansa. Baban Hanifa da daren yau zai kwana da mara lafiya, ba gyaran ƙasa zai riƙe shi zuwa asuba ba.

Nas_Bukuru:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki ta ɓangarena. Yaya Baban Hanifa, masu jinyar irin wannan ciwon su ma suna kwanciya, mun sha gani. Rashin barci, rashin cin abinci, tunani, sai hawan jini ya kama mai jinya. Ɓacin ran da kake ji wani lokaci gajiyar jiki ce kawai take magana. Ku raba kwana tsakaninku da 'yan'uwa, kada ka ce kai kaɗai ne ɗa. Ka auna jininka kai ma, domin hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma suna bin dangi.

Na biyu, don girman Allah kada a ba Mama jiƙe-jiƙe ko maganin ciwon jiki na kemis ba da sanin likita ba. In mutane suka ga ciwo ya daɗe kowa sai ya zama mai magani, ƙodar da ta riga ta raunana kuwa ba ta iya tace su. Na uku, ka tambayi sashen jin ƙai na asibitin da kuke, ka kuma sanar da limamin unguwarku. Faɗar buƙata ga wanda zai iya taimakawa ba tona asiri ba ne.

Ɗan_Tudun_Wada:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba. Ɗan'uwa, tambayarka tana cikin littafinmu ma. Zabura ta 13 da "har yaushe, ya Ubangiji" ta fara, Dawuda ya maimaita ta har sau huɗu, amma ya ƙare da cewa ya dogara ga ƙaunar Allah. Kuma abin da Mama Hajiya ta faɗa ya tuna mini da abokan Ayuba. Da suka zo suka ga halin da yake ciki, kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Sai da suka buɗe baki suka fara neman laifin da ya jawo masa wahala ne suka ɓata. Mu a Filato, Musulmi da Kirista, ba gidan da bai san makoki ba tun 2001. Ni abin da ke riƙe ni shi ne irin su Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a watan Yuni 2018. Su ma addu'a suke yi a ranar, Allah ya amsa ta hannun dattijo ɗaya. Zan sa Mama cikin addu'a.

Baba_Taminus:
Mun gode ɗana. Allah ya zaunar mana da jiharmu lafiya.

Bintu_Gangare:
Ina ta karantawa, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Duk ƙissoshin da ake kawo mana daɗi suke ƙarewa da shi. Annabi Ayuba ya warke, Annabi Yaƙuba ya ga ɗansa, Ummu Salama ta auri Manzon Allah (SAW). To wanda ya yi haƙurin har ya mutu bai ga sauƙin ba fa? Yayata ta yi ta fama da sikila tun tana yarinya, ba ta taɓa barin sallah ba, tana kwance ma da ishara take yi. Ana ta ce mana bayan wuya sai daɗi. A cikin wuyar ta rasu. Ba ina jayayya da Allah ba ne, astagfirullah, so nake in fahimta.

Malam_Anguwar_Rogo:
Allah ya jiƙanta ya sa ciwon ya zame mata kankarar zunubi. 'Yata, laifin namu ne masu wa'azi, mun fi son ƙissar da ke sa mutane murmushi. Amma tarihin Musulunci cike yake da irin yayarki. Sumayya da mijinta Yasir an azabtar da su a Makka har suka mutu. Manzon Allah (SAW) yana wucewa ta wurinsu, abin da ya ce shi ne su yi haƙuri, makomarsu Aljanna ce. Bai yi musu alkawarin za su kuɓuta a duniya ba. Nana Khadija ta ƙarar da dukiyarta, ta sha ƙuncin takunkumin da Ƙuraishawa suka ƙaƙaba wa Banu Hashim na kusan shekara uku, ta rasu a shekara ta 10 bayan aike, ba ta ga Hijira ba balle buɗe Makka. Mus'ab bin Umair, saurayin da ya fi kowa gata a Makka, da ya yi shahada a Uhudu mayafin da aka samu a rufe shi bai isa ba, in an rufe kai ƙafa ta fito, sai da aka sa ciyawa a ƙafafun.

Hadisi ya zo cewa addu'ar Musulmi, in babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta, ɗayan uku ne: a ba shi nan take, ko a ajiye masa a lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinta. Ni ba zan iya ce wa Baban Hanifa Mama za ta warke ba, ban sani ba, muna dai roƙo. Abin da zan iya cewa da yaƙini shi ne ba dare ɗaya daga cikin dararen nan da zai ɓace a wurin Allah, nasa da nata da na yayarki.

Bintu_Gangare:
Na gode Malam. Kaina ya karɓa. Zuciyar ce har yanzu take baya, a sa ni a addu'a.

Baban_Hanifa:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Malam Abu_Sumayya, istigfarin ina yi. Hajiya, maganarki ta shige ni. Akwai abin da ban faɗa ba da farko. Mama da kanta ta kira ni ta ce a daina kai ta wankin, wai ba ta son ta cinye abincin jikokinta, a bar ta da Allah. Ta faɗa tana gyara mini wuyan riga kamar ina yaro. Wannan ne ya fi komai karya ni. Shin nata shi ne tawakkali, ni ne mai gardama da ƙaddara?

Nas_Bukuru:
Yaya kada ku tsallake ranar wanki kafin ku zauna da likitanta, tsallakewa na da hatsari sosai, ruwa da guba ne ke taruwa a jiki. Ku gaya masa abin da ta ce da bakinta, da kuma gaskiyar halin aljihunku, kada ku ji kunya. Sau da yawa mai irin wannan maganar tausayin 'ya'yanta ne ke damunta, ba gajiya da rayuwa ba.

Malam_Anguwar_Rogo:
Wannan ba fatawar da za a bayar a zaure ba ce, sai an ji daga likita an kuma zauna da ita. Abin da zan ce kawai, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma ya hana burin mutuwa saboda cuta, ya koyar da a ce Allah ka rayar da ni matuƙar rayuwa ce mafi alheri gare ni, ka karɓi raina in mutuwa ce mafi alheri. Ka koya mata wannan a hankali. Ka kuma gaya mata kada ta rufe maka ƙofar ladan da Allah ya buɗe maka ta dalilinta.

Abu_Sumayya:
Ni dai ina nan kan cewa a kiyaye harshe lokacin musiba, don ba kowa ne ya san iyakar da Malam ya faɗa ba. Allah ya ba Mama lafiya.

Kwamared_Dilimi:
Kun ji ko? Uwa tana lissafin ranta da kuɗin abincin jikokinta. Wannan shi ne abin da nake faɗa tun ɗazu. Admin, mu nawa ne a zauren nan? In kowa ya ba da abin da zai iya, ai an ɗauke masa wankin wani lokaci. A sa Baba_Taminus ya riƙe tunda kasuwarsu ɗaya.

Admin_Zaure:
Kada kowa ya sa lambar asusu a fili. Baba, in ka amince ka yi mini magana ta gefe, sai mu tabbatar da komai tukuna.

Hajiya_Rikkos:
Ɗana, maganar da Mama ta yi maka ba kai za ka amsa mata ba, in ka ce wani abu za ta ga kara kake yi mata. Tsohuwa irinta ce za ta gaya mata ta ji. Ka faɗa wa Admin unguwarku, in Allah ya kai mu Juma'a bayan la'asar ƙaramin ɗana zai kawo ni in gaishe ta. Nas, me ya halatta in dafa mata? Na ji an ce ba kowane abinci suke ci ba.